Yadda ake raba injin motar hannu da lakar baƙin mai

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Katsina ba sababbi aka saye su ba. Wasu sun yi shekara goma ko fiye a Amurka ko Turai kafin a sauke su a Legas ko Kwatano, wasu kuma sun bi ta hannun mutum uku ko huɗu a nan gida. Mai saye yakan duba fenti da tayoyi, ya saurari ƙarar injin, amma da wuya ya leƙa ƙarƙashin murfin da ake zuba baƙin mai, alhali a nan ne ake gane irin riƙon da motar ta samu.

Lakar da ake magana a kanta baƙin mai ne da ya daɗe a cikin injin har zafi ya dafa shi, ya haɗu da tururin ruwa da ƙura da baƙin hayaƙi da ragowar fetur da bai ƙone ba, ya yi kauri kamar kwalta. Tana mannewa a saman injin da cikin kaskon da mai ke taruwa a ƙasa, kuma mafi haɗarinta shi ne ta toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Idan rariyar nan ta toshe, ƙarafan da karanshaf, wato babbar sandar ƙarfen da ke ƙasan injin, ke juyawa a kansu, waɗanda kanikawa ke kira metal, sai su rasa mai, kuma cikin 'yan mintoci injin ya buga. Wasu injuna sun fi wasu saurin tara ta: injin Toyota mai silinda shida mai lita 3.0 da mai silinda huɗu mai lita 2.2, waɗanda ke cikin Camry da Sienna na wajen 1997 zuwa 2002, an san su da wannan matsala idan aka yi sakaci da juye, kuma irin waɗannan motoci suna nan da yawa a garinmu.

Na ga wannan laka da idona a wani gareji da ke kusa da Ƙofar Ƙaura, ranar da na kai wata mota da na saya a hannu saboda fitilar mai tana ƙiftawa duk lokacin da na tsaya. Bakaniken, wani dattijo mai furfura, ya kwance murfin saman injin ya kife shi a kan kwali, sannan ya sa sukundireba ya kankaro wani baƙin abu mai danƙo da ya kai kaurin yatsa. Ya nuna mini ya ce, "Malam, Allah ya rufa maka asiri da ka zo yau. Da ka kama hanyar Daura da wannan, ban ga alamar za ka isa ba." Abin da ya ba ni mamaki shi ne man da ke jikin sandar awo fes yake, domin wanda ya sayar mini ya yi juye kafin ciniki.

Saboda haka aikin farko shi ne dubawa, kuma tsabtar man da ke jikin sandar awo ba ta isa shaida ba. A bar injin ya huce, a buɗe murfin zuba mai, a haska ciki da tocilan. Idan ƙarfen ya yi launin ruwan zuma ko ruwan ƙasa mai haske, wannan rini ne kawai na shekaru, ba abin damuwa ba ne. Idan aka ga baƙin abu mai kauri a jikin murfin ko a kan ƙarafan, to a biya bakanike ya kwance murfin saman injin gaba ɗaya, domin ta ƙaramar kafa ba a ganin gaskiyar lamarin. Idan kuwa abin da aka gani fari-fari ne kamar shayi mai madara, kuma ruwan lagireto yana raguwa, to wataƙila gasket ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke raba ruwa da mai, shi ne ya ƙone ruwa yana shiga mai, kuma wannan gyara ne daban wanda dole a fara da shi.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, kuma ina roƙon mai karatu ya kula. Akwai masu ba da shawarar a zubar da tsohon mai, a cika injin da kalanzir ko man gas, a tayar da shi ya wanke kansa. Kalanzir da gas ba su da kaurin da zai raba ƙarfe da ƙarfe, don haka duk daƙiƙar da injin ya yi yana juyawa da su, metal ɗinsa na cin juna. Bayan haka, lakar da ta yi shekaru a manne ba narkewa take yi gaba ɗaya ba, ɓantarewa take yi gunduwa-gunduwa, ta gangara kasko, ta liƙe a rariya. Injin da yake tafiya lami lafiya da dauɗarsa sai ya buga bayan an wanke shi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Idan lakar ta yi yawa, hanyar da na yarda da ita ita ce wankin hannu, ko da yake ta fi cin lokaci da kuɗi. Bakanike zai zubar da mai, ya kwance murfin sama da kaskon ƙasa, ya ciro rariyar famfo. Waɗannan ukun a waje ake wanke su, kuma a nan kalanzir da buroshi suna da amfani, muddin za a bar su su bushe sarai kafin a mayar. A ɗaga rariyar a kalli rana ta cikinta. Idan haske bai ratsa kowace kafa ba, a sake wankewa ko a sayi wata. Lakar da ke saman injin kuwa a kwashe ta a hankali da cokalin roba ko guntun katako, bayan an toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa ta cikinsu da tsumma mai tsabta, kuma a ƙirga tsummokaran kafin a sa su da bayan an cire su. Ya fi kyau a gama da sama tun kasko yana kwance, domin duk abin da ya suɓuce ya faɗo waje. Wajen mayarwa a sa sabon gasket, kuma kada a yarda a lafta gam fiye da kima, domin rarar da ta matso ta ciki ita ma takan yanke ta tafi rariya.

Idan lakar kaɗan ce, ko bayan an gama wankin hannu, sauran aikin na baƙin mai ne da haƙuri. Man injin na kirki yana ɗauke da sinadaran wanki da ke narkar da dauɗa sannu a hankali su riƙe ta har ranar juye. A zuba sabon mai mai lambar da kamfanin motar ya rubuta a littafinta ko a kan murfi, misali 5W-30, a sa sabuwar filta, a yi tafiyar kilomita kamar 1,000, sannan a juye tun injin yana da ɗumi. A maimaita sau biyu ko uku, kowane karo da sabuwar filta, ana ƙara tazarar kaɗan-kaɗan. Saurin baƙin da man zai yi a wannan lokaci alama ce ta cewa yana kwaso dauɗa. Injin mai silinda huɗu yakan sha wajen lita huɗu, saboda haka kuɗin juye uku ba ya ko kusa da kuɗin sauke injin.

Ruwan wankin injin da ake sayarwa a kantunan kayan mota yana da wurinsa, amma ga injin da dauɗarsa ba ta yi nisa ba. Ana zuba shi a kan tsohon mai, a bar injin a silo na minti 10 zuwa 15 ko yadda aka rubuta a jikin gwangwanin, ba tare da an taka totur ko an hau titi ba, sannan a juye a canza filta. A duk tsawon wannan aiki, da ma makonnin da ke biye, ido ya kasance a kan fitilar mai. Da zarar ta kama ana cikin tafiya, a gangara gefe a kashe injin nan take, ko da gida saura layi ɗaya.

Wanki ba zai ɗore ba idan ba a gyara abin da ya kawo lakar ba. Akwai ɗan ƙaramin bawul a murfin saman injin, wanda ake kira PCV, da ke fitar da tururi da hayaƙi daga cikin injin. Idan aka ciro shi aka girgiza bai yi ƙara ba, yawanci ya toshe, kuma ba shi da tsada. Akwai kuma al'adar cire tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan injin, da haɗa fanka kai tsaye da sunan wai ƙasarmu da zafi. Na fahimci tsoron da ke sa a yi hakan a watan Afrilu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, amma an ƙera injin ne ya yi aiki a wajen digiri 90, kuma idan bai kai nan ba, musamman da sanyin safiyar hunturu, ruwan da ke cikin mai ba ya ƙonewa ya fita. Haka ma motar da iyakarta kai yara makaranta da zuwa kasuwa. Tana bukatar a riƙa miƙa ta a kan hanya lokaci-lokaci, ko da zuwa Daura ne da dawowa, wajen kilomita 80 kowace tafiya.

Ƙurar hunturu tana shiga ta filtar iska, don haka busa ta da iskar mai faci ba ya maye gurbin canza ta idan ta tsufa. Man awo da ake sayarwa a kwalabe a bakin titi kuwa, wanda ba a san asalinsa ba, a nisance shi. A sayi galan a rufe, a tsaya a ga an buɗe shi an zuba. Daga nan a riƙe juye duk kilomita 5,000 ko wata shida, wanda ya riga zuwa, a rubuta kwanan wata da lambar kilomita a ɗan littafi a ajiye cikin mota. Tsohon man da lakar da aka kwaso a tara su a jarka mai murfi, kada a zuba su a kwata ko a ƙasa kusa da rijiya, kuma wanda ya yi aikin ya wanke hannunsa da sabulu kafin ya ci abinci.