Kurakuran da aka fi yi wajen kula da memori a Java da C# da Python

Tun a 1959 John McCarthy ya ƙirƙiro dabarar kwashe shara daga memori domin harshen Lisp, kuma a yau Java da C# da Python duk suna amfani da ita. Sai dai mai sharar bai san abin da aka gama amfani da shi ba. Abin da yake dubawa kawai shi ne ko har yanzu manhaja tana da hanyar isa ga abu, kuma muddin igiya ɗaya tana riƙe da shi, yana nan daram.

Daga nan babban kuskure yake fitowa. A ce an buɗe HashMap (wata ma'ajiyar bayanai a Java) mai alamar static, wato wadda take zama muddin manhajar tana aiki, domin adana sakamakon bincike, kullum ana zubawa, ba a taɓa cirewa ba. Da fari komai lafiya lau, daga baya sai manhajar ta koma tafiyar hawainiya, domin mai shara yana ta zagaye ba ya samun abin ɗauka, har OutOfMemoryError, wato kuskuren ƙarewar memori, ya kayar da ita. Da yawa sukan garzaya su ƙara adadin -Xmx, wato iyakar memorin da aka yanka wa manhajar Java, alhali wannan ɗage ranar faɗuwa ne kawai. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton memorin, a buɗe shi da manhajar binciken memori irin su Eclipse MAT ko VisualVM, a bi igiyar har a gano wanda yake riƙe da kayan, sannan a yanka wa ma'ajiyar iyaka ko wa'adi. Haka ma duk mai sauraron (listener) da aka yi wa rajista, wato ɓangaren manhaja da yake jiran a sanar da shi idan wani abu ya faru, a cire shi idan aikinsa ya ƙare.

Wasu kuma suna barin fayil ko layin rumbun bayanai a buɗe, wai mai shara zai rufe. Babu wanda ya san lokacin zuwansa, shi ya sa aka yi hani da dogaro da finalize, umarnin da ake gudanarwa kafin mai shara ya kwashe abu, tun Java 9. A yi amfani da try-with-resources a Java, ko using a C#, ko with a Python, waɗanda suke rufe abu da kansu da zarar an gama da shi.

Kiran System.gc() da hannu kuwa, wato neman mai shara ya fara aiki nan take, a ganina, ya fi kama da camfi, tunda roƙo ne da na'urar Java take iya yin biris da shi, in kuma ta amsa, tana iya tsayar da aiki a banza. Gara a rage yawan abubuwan da ake ƙirƙira a cikin maimaici (loop), musamman manya: a .NET, dandalin da C# take aiki a kai, abin da ya kai bait 85,000 yakan tafi rumbu na daban, wanda ba a share shi sai lokacin sharar zango na 2, mafi tsada a cikin zanguna uku (0 da 1 da 2) da ake raba shara a kansu.