Yadda Ake Aiki da Foklif Ba Tare da An Rasa Rai ko Ƙafa Ba

Duk wanda ya taɓa shiga babban sito a Sharada ko Bompai ko Challawa, ko ya tsaya a bakin kwantena a Apapa, ya san 'yar motar nan mai yatsun ƙarfe biyu a gaba da ake kira foklif. Ga ta 'yar firit, ba ta da wani gudu, shi ya sa ake raina ta. Alhali wadda aka ƙera don ɗaukar tan biyu da rabi, nauyinta ita kaɗai ya kusa tan huɗu. Tayarta ɗaya ta bi ta kan ƙafar lebura, sai dai a yi maganar ƙafar a tarihi. A shekarar 2001 NIOSH, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, ta fitar da gargaɗi cewa a ƙasar kusan ma'aikata 100 ke mutuwa duk shekara a haɗarin foklif, wasu 20,000 kuma su ji munanan raunuka, kuma kifewar motar ce kan gaba wajen kisa.

A wurare da yawa a nan gida, ga yadda ake zama direbanta: yaro yana aikin lodi yana kallon oga, ran da oga bai zo ba sai a miƙa masa makulli. Koyon gani zai nuna maka wane liba ke ɗagawa, wane ke saukewa. Ba zai nuna maka abin da ke kashe mutane ba, domin mafi yawan ƙa'idojin foklif sun saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum, kuma sun saɓa wa abin da direban mota ya saba. Ga matakan, tun daga kafin a tayar da ita.

Mataki na farko: fahimci yadda take tsaye

Ido yana ganin tayoyi huɗu, amma a zahiri a kan ƙafa uku take. Tayoyin gaba biyu su ne ƙafa biyu. Tayoyin baya kuwa suna haɗe ne da jikin motar a wuri guda a tsakiya, inda gatarinsu, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu, ke lilo. Ka ɗauke ta a matsayin Adaidaita Sahu da aka juya, taya biyu a gaba, ɗaya a baya. Kowa ya san yadda Adaidaita ke yi idan ya sha kwana da gudu.

Muddin cibiyar nauyin motar da kayanta tana cikin waɗannan kusurwoyi uku, tana tsaye. Da ta fita, ta tafi. Abu uku ke fitar da ita: kaya ya yi nauyi ko ya yi nisa da jikin motar, sai ta kifa ta gaba, kaya ya yi sama, sai ɗan rami ko ɗan dutse ya ishe ta, ko a sha kwana da sauri, sai ta faɗi ta gefe. Abin da sababbi ba sa yarda da shi sai an nuna musu shi ne, foklif marar kaya ta fi saurin faɗuwa ta gefe, saboda yawancin nauyinta ya koma baya, wurin da kusurwar ta tsuke. Kuma daidai lokacin da ta sauke kaya ne direba ke jin daɗin take wuta.

Na biyu, da tayoyin baya take juyawa. Idan ka karya sitiyari, gindinta ne ke yin waje. Mutumin da ke tsaye a gefenka ta baya, tsakaninka da bango ko jerin kaya, shi ne za a matse, kai kuwa idonka yana gaba.

Mataki na biyu: duba ta kafin ka tayar

Kowace safiya, ko duk lokacin da ka karɓi aiki daga hannun wani, ka zaga ta. Kada ka ce ai jiya lafiya lau aka ajiye ta.

Fara da ƙasa: akwai ɗigon mai a inda ta kwana? Duba tayoyi. Duba yatsun, musamman wurin lanƙwasa, ko akwai tsagewa, ko ɗaya ya fi ɗaya tashi. Gindin yatsa yana cinyewa idan ana jan sa a kan siminti, kuma idan kaurinsa ya ragu da kashi 10 cikin 100, ƙarfinsa ya ragu da kusan kashi 20. Yatsan da ya kai haka canza shi ake yi. Kai wa mai walda ya cike shi ba gyara ba ne. Duba sarƙoƙin tsanin ɗagawa, su zama da mai, kuma ɗaurinsu ɗaya. Duba tiyon haidirolik da ido kawai. Kada ka shafa da hannu kana neman inda ke yoyo, domin man da ke fita da ƙarfi ta ɗan ƙaramin huji yana huda fata ya shiga nama, a ga kamar ɗan tabo ne, ya kai ga yanke yatsa idan ba a garzaya asibiti ba.

Sannan ka hau. Hannu biyu a riƙe, ƙafa ɗaya a take, ba tsalle ba, ba kama sitiyari ba. Ɗaura bel. Tayar, ka gwada birki, birkin hannu, hon, fitilu da ƙarar ribas. Ɗaga tsanin har ƙarshe ka sauke. In wani abu a cikin waɗannan ya ƙi, zare makulli ka gaya wa mai kula da aiki. Na san nauyin faɗin haka idan tirela uku na jira a waje ana ta kiran sunanka. Amma birkin da bai kama da safe ba, ba zai kama da azahar ba.

Mataki na uku: san nauyin da za ka ɗauka

A jikin kowace foklif akwai ɗan farantin ƙarfe da ke nuna nauyin da za ta iya ɗauka, da nisan cibiyar kaya, da tsayin da za a iya kaiwa. Yawancin direbobi lambar farko kawai suka riƙe. A ce an rubuta kilo 2,500 a santimita 50. Ma'anarsa, za ta ɗauki wannan nauyin ne idan tsakiyar kayan bai wuce santimita 50 daga gindin yatsun ba. Ka kawo dogon akwatin inji wanda tsakiyarsa ke santimita 100, ƙarfinta ya ragu da kashi ɗaya cikin uku ko fiye, ko da akwatin bai kai kilo 2,500 ba. Haka kuma duk ƙarin ƙarfen da aka ɗaura mata a gaba yana rage mata ƙarfi.

Lissafin ba wuya. Buhu 40 na kilo 50 tan biyu ke nan, sai a ƙara nauyin katakon da aka jera su a kai. Idan ba ka san nauyin kaya ba, tambayi sitokifa ko ka duba takardar kayan. In ka fara ɗagawa ka ji sitiyari ya yi sakayau, tayoyin baya ne suka fara barin ƙasa: sauke nan take. Wani mugun abu da ake yi shi ne a sa leburori biyu su ɗare bayanta don su danne ta. Wannan ganganci ne da rayukan bayin Allah.

Mataki na huɗu: ɗauka da tafiya

Tunkari kayan kai tsaye, ba ta gefe ba. Buɗe yatsun daidai da faɗin katakon, ka zura su gaba ɗaya har kayan ya jingina. Ɗaga kaɗan, kwantar da tsanin baya. Ka yi tafiya yatsun suna sama da ƙasa da kamar santimita 15, iyakar abin da zai hana su karo da ƙasa. Ba a tafiya da kaya a sama, ba a shan kwana da kaya a sama. In za ka ɗora a kan jeri, sai ka isa ka tsaya cak, sannan ka ɗaga, ka matsa a hankali, ka ajiye, ka ja baya har yatsun su fita, ka sauke su, kafin ka juya.

Idan kaya ya kare maka gaba, yi tafiya da ribas kana kallon inda za ka. Kada ka leƙo kai ta gefe, kada hannu ko ƙafa ya fita daga cikin kejin direba. A kowace kwana da kowace ƙofa, rage gudu ka danna hon. Wanda ke fitowa daga hasken rana zuwa cikin sito idonsa na ɗaukar ɗan lokaci kafin ya washe, kai ma haka.

Kujera ɗaya ce, mutum ɗaya take ɗauka. Ba a rage wa aboki hanya a kan matakala. Ba a ɗora mutum a kan katako a ɗaga shi ya canza ƙwan fitila. Ba wanda zai tsaya ko ya gifta a ƙarƙashin yatsun da aka ɗaga, da kaya ko babu.

Mataki na biyar: gangara, tirela da kwantena

A nan direban mota ke ruɗewa. Idan kana ɗauke da kaya, kayan kullum yana kallon tudu: ka hau da gaba, ka sauko da ribas. Idan babu kaya, yatsun su kalli gangara. Ko ta halin yaya ba a juyawa a tsakiyar gangara.

Kafin ka shiga bayan tirela, ka tabbatar da idonka an ja birkinta, an sa weji a tayoyinta, direbanta kuma ya san kana ciki. Gara ma makullinsa ya kasance a hannun mai kula da lodi. Shiga da fitar foklif na tura tirela gaba kaɗan-kaɗan har rata ta buɗe tsakaninta da dakalin lodi, rana ɗaya taya ta faɗa. Duba ƙasan tirelar ma, domin ruɓaɓɓen katako ba zai ɗauki tan shida ba.

Cikin kwantena ko rufaffen sito kuwa, mai amfani da dizal ko gas tana fitar da hayaƙi mai ɗauke da iska mai guba wadda ba ta da wari. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya su ne alamunsa, kuma sau da yawa a kan ce zafi ne ko yunwa. A fita iska, a kashe inji. Mai batir ba ta da wannan matsalar, amma wurin cajinta na tara iskar da ke kamawa da wuta, don haka ba sigari, ba walda a kusa.

Mataki na shida: idan ta tashi kifewa

Wannan shi ne darasin da ya fi kowane tsada. Da mota ta fara karkata, jiki zai ce maka ka yi tsalle. Kada ka yi. Wanda ya yi tsalle ta gefen da take faɗuwa yake faɗawa, rufin ƙarfen da ke kansa ya biyo shi ya danne masa wuya ko ƙirji. Haka mafi yawan waɗanda suka mutu a kifewa suka mutu. A irin wadda ake zama a kanta, abin yi shi ne ka zauna daram, ka ƙanƙame sitiyari, ka dafe ƙafafu, ka karkata jikinka nesa da inda take faɗuwa. Bel ɗin da ake ɗaurawa ta bayan kujera don ƙarar gargaɗi ta yi shiru, shi ne kaɗai zai riƙe ka a ciki a wannan daƙiƙar. Wanda bai maimaita wannan ba sau da yawa a gaban malami, ranar da abin ya zo ƙafarsa za ta riga tunaninsa.

Mataki na bakwai: ajiye ta

Sauke yatsun har su kwanta a ƙasa, mayar da giya firi, ja birkin hannu, kashe, zare makulli ka tafi da shi. Kada ka tare ƙofa ko tukunyar kashe gobara. In mai gas ce, rufe tukunyar.

Ga mai kamfani: yadda ake horar da direba

Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta hana a sa mutum aiki da injin da zai iya ji masa rauni sai an sanar da shi haɗarinsa, an kuma ba shi isasshen horo ko an sa shi ƙarƙashin kulawar gwani. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki. Lasin tuƙin mota ba ya maye gurbin horon foklif.

Tsarin da ake bi a Birtaniya mai kyau ne, hawa uku: horon tushe a fili, nesa da wurin aiki, horo a kan ainihin irin motar da mutum zai tuƙa da irin kayan da zai ɗauka, sannan sabawa da wurin aikin kansa a ƙarƙashin idon mai kula. A Amurka, hukumar kare lafiyar ma'aikata, OSHA, ta wajabta a sake gwada kowane direba aƙalla duk shekara uku, a kuma sake horar da shi idan ya yi haɗari, ko ya kusa yi, ko an canza masa irin mota. A can, wanda bai kai shekara 18 ba, ba ya hawa ta a masana'anta.

In za ka biya kuɗin horo, tambaya biyu za ka yi: awa nawa kowane ɗalibi zai yi a kan kujera, kuma akwai wanda ke faɗuwa jarabawar? Inda kowa ke cin jarabawa, takarda kawai ake sayarwa. Ka nemi a yi bayani da harshen da direban ke ji, in Hausa ce da Hausa, domin sa hannu a takardar da mutum bai fahimta ba ba ya hana mota kifewa. Tsohon direbanka mai shekara goma a kan aiki shi ma ya shiga aji, don sau da yawa shi ne ke koya wa yara gajerun hanyoyin da suka zame masa jiki.

Kada horon ya tsaya kan direba. Tara leburori da masu shara da masu gadi ka nuna musu yadda gindin motar ke yin waje, ka koya musu kada su gifta sai sun haɗa ido da direba. Ja layi da fenti a ƙasa, ka raba hanyar ƙafa da hanyar mota. Rubuta sunayen waɗanda aka yarje wa tuƙi ka liƙa a ofishin sito, makulli kuma ya fita daga hannun mutum ɗaya, da sa hannu. Sannan ka faɗa wa direbobinka a gaban masu kula da su cewa duk wanda ya ƙi ɗaukar kayan da ya fi ƙarfin mota, ko ya ajiye ta saboda birki, ba za a yanke masa ko kwabo a albashi ba.