Darasi na Bakwai: Idan Ciyawa Ta Taɓa Ƙafarka a Cikin Ruwa

Akwai wanda ya iya iyo sosai a rafin garinsu, amma ranar da ya shiga babban ruwa irin na Dadin Kowa, wani abu mai santsi ya shafi ƙafarsa, sai gabansa ya faɗi. Wasu har rantsuwa suke yi cewa 'yan ruwa ne suka riƙe su. Galibi kuwa ciyawa ce, ko tsohuwar leda.

An gama gina madatsar Dadin Kowa a 1984, a kan kogin Gongola, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba ta jihar Gombe. Ruwan da aka tare kwance yake, kuma gefensa ba zurfi. Irin wurin da ciyawa take so ke nan. Haka abin yake a madatsar Balanga, haka a ta Gubi kusa da Bauchi.

Ka fara sanin abin da yake taɓa ka. Kainuwa a saman ruwa take yawo, saiwarta ba ta kai ƙasa ba, da hannu ɗaya za ka ture ta. Bado kuwa tushensa yana cikin laka, yana da dogon jiki mai taushi kamar igiya, shi ne ya fi naɗe ƙafa. Gansakuka santsi ne da ita kawai. Kacala a gefe take tsayawa, ta fi mutum tsayi, ana hango ta tun daga nesa, sai a kauce mata.

Duk cikinsu babu mai jan mutum ƙasa. Abin da yake faruwa shi ne, da mutum ya firgita sai ya shiga shure-shure da ƙarfi. Yana shuri, ciyawar tana ƙara naɗewa. Numfashi ya yi sauri, ya buɗe baki zai yi ihu, ruwa ya shiga. Kafin a ankara ƙarfinsa ya ƙare, alhali gaɓa tana nan kusa.

To, idan ka ji ta a ƙafarka, daina shuri nan take. Juya ka kwanta rigingine, fuska tana kallon sama, ka shimfiɗa hannuwa. Ja numfashi a hankali har ka ji bugun zuciyarka ya lafa. Sannan ka sa hannu ka zame ciyawar daga ƙafa, ban da fizga. Koma ta hanyar da ka shigo, don ita ce ka riga ka buɗe. Ka bar jikinka a saman ruwa, kada ka saki ƙafafu su yi ƙasa.

Wani dattijo a aji yana iya cewa, "Malam, ai faɗa da baki ba wuya." Gaskiyarka, Baba. Shi ya sa ake gwadawa tun a inda ruwa yake iya ƙugu, da wani a tsaye kusa da kai. Ka taɓa ciyawar da hannu, ka bari ta shafi ƙafarka, har jikinka ya saba da ita.

Abin da ya kamata a ji tsoronsa da gaske daban ne. Tsohuwar raga da masunta suka bari, da mamari mai ƙugiyoyi, waɗannan suna riƙe mutum riƙon gaske. Kafin ka shiga, gai da masunta ka tambaye su inda suka yi shimfiɗa. Ba wanda ya fi su sanin ruwan nan. A watan Agusta da Satumba kogi yana zuwa ja wur, ɗauke da kututture da rassa. A irin wannan ruwa ba a tsunduma da ka, kuma gara ma a haƙura da iyon sai ya lafa. Kada ka shiga kai kaɗai, sannan ka ɗaura jarka marar komai mai murfi a kusa da kai.

Ciyawar gefen ruwa kuma gidan ƙananan dodon koɗi ce, masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar ta fata take shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa, ko na yaronsa, ya je asibiti, akwai maganinta.

Aikin gida: Rubuta sunayen ciyawar ruwa guda uku da ake samu a garinku. Wacce ce a cikinsu take da tushe a laka?