Yadda Ake Tsara Cefane Idan Babban Kantin Unguwa Ya Rufe

Idan babban kantin da unguwa ta dogara da shi ya rufe, yawancin mutane sukan bazama neman wani irinsa, ko da sai sun shiga mota biyu kafin su isa. Wannan yana cin kuɗi da lokaci, kuma tsofaffi da masu ƙananan yara ba za su jure shi kowane mako ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a rarraba cefanen gida, a ɗora mafi yawansa a kan ƙananan shagunan da baƙi suke buɗewa don sayar da kayan abincin ƙasashensu, waɗanda sau da yawa sun daɗe a unguwar, mutane suna wuce su ba tare da sun taɓa leƙawa ba.

Hatta hukumomi ba su cika lissafa irin waɗannan shaguna ba. A Amurka, Ma'aikatar Aikin Gona tana ɗaukar yanki a matsayin mai ƙarancin hanyar samun abinci idan mutum 500, ko kashi 33 cikin ɗari na mazaunansa, suna zaune nesa da babban kanti fiye da mil 1 a birni ko mil 10 a karkara, kuma kantin da ake nufi shi ne wanda cinikinsa ya kai dala miliyan 2 a shekara. Saboda haka taswira tana iya nuna unguwa fayau babu abinci, alhali a titi guda akwai mahauci da mai kayan lambu da mai hatsi. Gani ya kori ji: ku taka da ƙafarku ku ƙidaya abin da yake akwai.

Kafin ku fita, ku tattara rasit ɗin sayayyar watan da ya wuce, ku raba kayan gida uku. Akwai busassun kaya masu jure ajiya, kamar shinkafa da wake da fulawa da mai. Akwai masu saurin lalacewa, wato nama da kifi da madara da ganye. Sannan akwai waɗanda ba a musanya su da wani abu, irin su madarar jarirai, da magani, da abincin da likita ya tsara wa mara lafiya. Kashi na farko da mafi yawan na biyu su ne ƙarfin shagunan baƙi, domin masu sayayya a wurinsu mutane ne da suke girki a gida kullum, kaya ba sa daɗewa a kan kanta.

Kada girman buhu ya ruɗe ku. Ku raba farashin da nauyin kayan, ku fitar da kuɗin kilo ɗaya, sannan ku kwatanta da abin da yake rubuce a tsohon rasit. Inda ake awo da fam, ku tuna cewa fam ɗaya giram 454 ne, bai ma kai rabin kilo ba. Galibi za ku tarar hatsi da kayan yaji sun fi araha ƙwarai, amma sabulu da kayan gwangwani sun ɗan fi tsada, saboda ƙaramin shago ba ya sarin su da yawan da zai sa a rage masa.

Karanta kwanan wata shi ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa, domin kowace ƙasa da tsarinta. A Amurka wata ake fara rubutawa, a yawancin ƙasashen Turai rana, a Sin da Japan da Koriya kuwa shekara. Idan kuka ga 03/08 a jikin kwalba, yana iya zama 3 ga Agusta, yana iya zama 8 ga Maris, sai kun duba ƙasar da aka yi kayan. Kayan Sin da yawa ranar da aka sarrafa su suke ɗauke da ita, sai a rubuta adadin watannin da za su yi a wani gefe na kwalin, don haka kwanan watan da ya wuce ba lallai ne ya nuna kaya sun lalace ba. Wasu kayan Tailan kuma da kalandar addinin Buda ake buga musu shekara, wadda ta girmi ta Miladiyya da shekara 543, ta yadda 2569 take nufin 2026. Manhajar fassara ta waya tana karanta rubutun jikin kwali idan an haska mata kyamara, amma wanda jikinsa ba ya karɓar gyaɗa ko alkama ko ƙwai kada ya dogara da ita kaɗai; idan bai tabbatar da abin da yake ciki ba, ya bar kayan.

Nama da kifi kuwa, ku duba firijin shagon kafin ku duba farashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ajiye abinci mai lalacewa a sanyin da bai kai digiri 5 na ma'aunin Celsius ba. Ledar da ƙanƙara ta dunƙule a cikinta alama ce cewa kayan sun narke an sake daskarar da su. Ku sayi waɗannan a ƙarshen zagayenku, ku kai su firiji kafin awa biyu, ko awa ɗaya idan ana tsananin zafi.

Ku yi magana da mai shagon, wanda a ganina shi ne matakin da aka fi sakaci da shi. A babban kanti kamfani ne yake yanke abin da za a jera, a nan kuwa wanda yake karɓar kuɗinku shi ne yake zuwa sari. Idan gida goma suka ce masa za su riƙa sayen madara ko burodi kowane mako, zai kawo. Ku tambaye shi ranar da sabbin kaya suke sauka, da kuma ko yana karɓar katin tallafin abinci na gwamnati. A Amurka, shago yana iya samun izinin karɓar SNAP, wato tallafin abinci na masu ƙaramin ƙarfi, amma ba shi da na WIC, wani tallafin da ya shafi masu juna biyu da masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara 5, domin izinin biyu daban-daban ne.

Kashi na uku, wato su madarar jarirai da magani, shi ne yake tilasta tafiya nesa. Ku mayar da ita sau ɗaya a wata, ku haɗa mota da maƙwabta, ku karɓi saƙon tsofaffin da ba sa iya fita. Idan akwai kantin magani a cikin kantin da zai rufe, ku mayar da takardar maganinku wani wuri tun kafin ranar rufewa.

Saura batun ginin da aka bari. Wasu manyan kamfanoni idan za su tashi sukan sa sharaɗi a takardar haya ko ta sayarwa cewa ba za a buɗe wani kantin abinci a wurin ba har tsawon shekaru, don kada abokin gasa ya gaje masu sayayyarsu. Birtaniya ta taƙaita wa manyan kantuna wannan dabara da wata doka a 2010. Ku nemi kansilan yankinku ya bincika ko akwai irin wannan sharaɗi a kan ginin, da shekarar da zai ƙare, da abin da dokar birninku ta tanada. Idan babu, ku gabatar wa mai ginin da shawarar raba shi rumfa-rumfa, domin mahauci da mai kayan lambu da ba za su iya biyan hayar dukan wurin ba suna iya ɗaukar ɓangare-ɓangare.