Yadda za ka tsara kwas ɗin horaswa daga nesa wanda zai yi aiki a ƙauyukanmu

Idan aka ɗora maka shirya kwas, ko na malaman firamare, ko na ma'aikatan lafiya na karkara, ko na matasa masu koyon sana'a, hannunka zai fara kaiwa ga kwamfuta don ka tara bayanai. Ka dakata tukuna. Aikina a nan Sakkwato shi ne shirya horaswa ga malamai, kuma yawancinsu ba za su iya rufe aji a Gada ko Tureta su zo birni su tare wata guda ba. Dole karatun ya iske su inda suke. A irin wannan aiki tara bayanai ne na uku a layi, akwai biyu a gabansa.

Tsarin da aka fi sani a wannan fage shi ne ADDIE, wanda ya samo asali daga aikin da Jami'ar Jihar Florida ta yi wa sojojin Amurka a 1975. Matakansa biyar: nazarin buƙata, zana tsari, haɗa kayan darasi, gabatarwa, sai auna sakamako. Zan bi su da misali guda, wato kwas na koya wa malaman aji ɗaya da aji biyu yadda za su koyar da karatun Hausa, ta WhatsApp da haɗuwa sau ɗaya a wata.

Nazarin buƙata ba a yinsa a ofis. Ka hau mota ka je makarantun, gani ya kori ji. Ka gaisa da hedimasta, ka nemi izini, ka zauna a bayan aji ka ga yadda ake yi. Abin da za ka fi gani shi ne malami ya rubuta layi a allo, ya karanta, yara su amsa da ƙarfi. Ka ɗauki yaro ɗaya ka nuna masa kalma daga tsakiyar layin, sai ya yi shiru, domin haddace sautin ya yi, bai san baƙi da wasali ba. To ka gano giɓin da kwas ɗinka zai cike. Amma ka kuma tambayi kanka ko horaswa ce maganin. Idan matsalar ita ce babu littafi ko ɗaya a ajin, ko yara sun cika har bakin ƙofa, babu kwas ɗin da zai gyara wannan, kuma gara ka rubuta wa masu ba da kuɗin gaskiya tun yanzu.

Daga nan ka dubi wayoyin mutanen da idonka. Kada ka tsaya ga tambayar "kuna da waya?", kowa zai ce yana da ita. Wace iri ce? Nawa ne sararin da ya rage a cikinta? A ina ake caji, kuma nawa ake biya? Malamai mata da yawa wayar maigida suke amfani da ita, sai ya dawo da dare. Wanda ya san haka ba zai sa darasin kai-tsaye da ƙarfe goma na safe ba. Ka lura da kalandar mutane ma. Da damina malamin ƙauye yana tashi daga makaranta sai gona. A watan azumi dare na ibada ne. A zafin Afrilu kuwa, taron da ya wuce azahar a ajin kwano wahala ce kawai. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai kayan, haka wannan matakin yake.

Wajen zana tsari, ka fara da rubuta manufa, kuma nan ne na fi tsananta wa abokan aikina. "Malamai za su fahimci muhimmancin karatu" ba manufa ba ce, domin ba ka da yadda za ka ga fahimta da ido. Masanin harkar horaswa Robert Mager ya nuna tun 1962 cewa manufa mai kyau tana faɗin abu uku: me mutum zai yi, a wane hali, kuma zuwa wane mizani. Sai ka rubuta: "Idan aka ba malami allo da alli, zai koyar da haɗa baƙi da wasali su zama gaɓa, kamar ba, bi, bu, cikin minti goma sha biyar, ya kuma sa aƙalla yara biyar su karanta ɗaya bayan ɗaya." Wannan kowa zai iya tsayawa a taga ya ce an yi ko ba a yi ba.

Matakan koyo na masanin ilimi Benjamin Bloom na 1956, waɗanda aka sabunta a 2001, za su taimake ka ka san inda ka tsaya: tunawa, fahimta, aiki da abin da aka koya, nazari, tantancewa, ƙirƙira. Yawancin tarukan bitarmu suna ƙarewa a mataki na biyu, a raba takardar shaida a watse, alhali abin da aji yake bukata yana farawa ne daga na uku. Saboda haka nake bin shawarar Grant Wiggins da Jay McTighe ta 1998, ta a faro daga ƙarshe: ka rubuta gwajin da zai nuna an iya, kafin ka rubuta darasi ko ɗaya. A kwas ɗinmu gwajin shi ne malami ya naɗo muryarsa yana koyarwa a ajinsa ya turo. Duk bayanin da ba zai taimake shi ya ci wannan gwajin ba, ka cire shi, komai daɗinsa a wurinka.

Sai yanzu ka buɗe kwamfutar. Kowane darasi ya zama saƙon murya na minti uku zuwa huɗu, da hoto ɗaya mara nauyi. Robert Gagné, wanda littafinsa kan sharuɗɗan koyo ya fito a 1965, ya jera abubuwa tara da darasi yake bukata, kuma duk suna shiga cikin ɗan gajeren saƙo idan ka iya. Ka jawo hankali da muryar yaro yana ƙoƙarin karanta kalma. Ka faɗi abin da za a iya a ƙarshe. Ka tuna musu na makon jiya. Ka kawo sabon abu guda ɗaya tak, ka nuna yadda ake yi. Sauran huɗun, wato gwadawa, gyara, aunawa da maimaitawa a wani darasin, a cikin aji da zauren WhatsApp za su faru.

Mu a Sakkwato ba baƙi ba ne ga wannan dabara. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ilmantar da matan ƙauyuka ta hanyar 'Yan Taru. Ta zuba ilimin cikin waƙa da Fulatanci da Hausa, abin da mace za ta haddace ta tafi da shi ko ba ta da takarda. Ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji, ta ba su malfa alamar izini, su zo su karɓi karatu su koma su koyar. Ta duba halin masu koyo, ta zaɓi siffar da za ta iya tafiya mai nisa, ta sa amintacciya a tsakani. Ina ganin duk mai shirya karatu daga nesa a ƙasar nan ya kamata ya yi nazarin wannan tsari kamar yadda yake nazarin ADDIE.

Kafin ka saki kwas, ka gwada shi a kan mutum biyar ko shida daga cikin waɗanda aka yi dominsu, kana zaune kusa da su, bakinka a rufe. A irin wannan gwaji ne wata dattijuwar malama ta riƙa danna wata takarda da aka turo mata, wayar tana juyawa, gilashin wayar a tsage, ta matso da ita kusa da ido ta sake dannawa. Can ta ɗago ta ce: "Malam, wagga takarda ba ta buɗuwa ga wayata. Amma in kunka aiko murya, ina ji ko ina tuƙin tuwo." Maganarta ta fi rahoto mai shafi ashirin amfani. Abin da ya fi shafi ɗaya a buga shi a takarda a raba ranar haɗuwa.

Gabatarwa ba ta da wuya idan an yi na baya da kyau. Ka raba mutane rukuni-rukuni, kowanne kada ya wuce ashirin, ka naɗa masa jagora daga yankin, mata kuma su sami jagora mace. Ka tsayar da ranar fitar darasi kada ta sauya. Duk wanda ya turo aiki a ba shi amsa cikin kwana biyu, da sunansa, domin shiru ne yake korar mai karatu daga nesa. Haɗuwar wata-wata kuma kada a mayar da ita lacca, a bar kowa ya tashi ya koyar a gaban 'yan'uwansa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana haɗa littattafan karatu da zaman cibiyoyi a ƙarshen mako, kuma dalilin ke nan.

Wajen auna sakamako, Donald Kirkpatrick ya kawo matakai huɗu a 1959: ko sun ji daɗin kwas ɗin, ko sun koya, ko aikinsu ya sauya, da ko an ga amfanin a ƙarshe. Na farkon ba ya gaya maka komai a wurinmu, domin mutanenmu masu kara ne, kowa zai rubuta "madalla". Ka ware kuɗin mota tun a kasafin farko don na uku da na huɗu. Bayan zango ɗaya ka koma makarantun da ka fara zuwa, ka zauna a bayan aji, sannan ka ɗauki yara goma ba zaɓin malami ba, ka ba kowanne gaɓoɓi da kalmomin da bai taɓa gani a allo ba. Ka rubuta adadin da kowa ya karanta, ka kwatanta da na zuwanka na farko. Gaɓar da yawancinsu suka yi tuntuɓe a kanta, darasinta za ka fara sake naɗa kafin rukuni na gaba ya shigo.