Yadda ɗan wasan tanis zai nemi gurbi a ƙananan rukunonin jami'o'in Amurka

Tun shekarar 1973 hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i a Amurka, ta kasa makarantunta rukuni uku. Yawancin matasan da ke buga tanis, da iyayensu, rukuni na ɗaya kaɗai suke hange, suna ɗaukar sauran a matsayin wurin waɗanda suka rasa. Wannan kuskure ne mai tsada, domin an yi rabon ne bisa girman kuɗin da makaranta ke kashewa a wasanni da irin tallafin da take bayarwa, ba bisa ƙarfin 'yan wasanta ba. Ƙungiyar da ke kan gaba a rukuni na biyu tana iya doke ƙungiyoyi da dama na rukuni na ɗaya.

Abin da za ka fara yi shi ne sanin rukunoni da hukumomin da ake da su. Rukuni na biyu yana da makarantu kusan 300, kuma ƙarfinsa a tanis ya taru ne a kudu maso gabashin ƙasar, inda yanayi ke ba da damar yin wasa a waje kusan duk shekara. Jami'ar Lander da ke jihar South Carolina ta ɗauki kofin maza sau takwas a jere daga 1993 zuwa 2000, Jami'ar Barry da ke Florida kuma ta daɗe tana cikin waɗanda ake tsoro. 'Yan wasan irin waɗannan ƙungiyoyi da yawansu baƙi ne daga Turai da Kudancin Amurka, wasunsu ma sun ɗanɗana gasar ƙwararru kafin su zo. Rukuni na uku shi ne mafi yawan makarantu, sama da 400, kuma a cikinsa akwai Emory da Jami'ar Chicago da Middlebury da Williams, wadda 'yan matanta suka riƙe kofin ƙasa daga 2008 zuwa 2013. Bayan NCAA akwai NAIA, wata hukumar wasanni ta daban mai haɗa ƙananan jami'o'i, inda kwalejin Georgia Gwinnett ta soma mamaye gasar maza a 2014, sai kuma NJCAA ta kwalejojin shekara biyu irin su Tyler da ke Texas, wadda ta dace da wanda ke son gyara takardunsa ko wasansa kafin ya koma jami'a.

Daga nan sai ka auna kanka da ma'aunin da masu horarwa ke amfani da shi, wato UTR, wanda ke ba kowane ɗan wasa lamba daga 1 zuwa 16.5 bisa sakamakon wasanninsa na baya-bayan nan da ƙarfin abokan karawarsa. A nan ne ɗan wasan da ya tashi a Kano ko Kaduna ko Yamai yake cin karo da matsala, domin idan ba a shigar da sakamakon gasannin da ya buga ba, lambarsa ba za ta nuna ainihin ƙarfinsa ba, ko ma ya rasa ta gaba ɗaya. Maganin shi ne shiga gasannin matasa na ITF, wato hukumar tanis ta duniya, da duk wata gasa da ake shigar da sakamakonta, a kuma fara tun da sauran shekara biyu a gama sakandare.

Da lambarka a hannu, ka duba jerin 'yan wasan kowace makaranta. A karawar jami'o'i ana buga wasa shida na mutum ɗaya-ɗaya da uku na bibbiyu, saboda haka wanda yake na tara ko na goma a ƙungiya zai iya shafe shekara yana tafa wa wasu. Ka nemi inda lambarka ta faɗa tsakanin na uku da na shida, ka kuma ƙirga 'yan ajin ƙarshe da za su tafi, domin gurabensu ne koci ke neman cikewa. A ganina zama na huɗu a ƙungiyar da ke neman kofin rukuni na biyu ya fi zaman benci a wata babbar makaranta. Da babu gara ba daɗi, balle ma a nan akwai daɗin.

Batun kuɗi shi ne inda ake yawan ruɗewa. A rukuni na biyu ƙungiyar maza tana da tallafin da bai wuce na mutum huɗu da rabi ba, ta mata na mutum shida, kuma koci yana yayyanka shi ne ya raba wa mutum takwas ko goma, don haka cikakken tallafi ba kasafai ake samunsa ba. Rukuni na uku ba ya ba da ko sisi saboda wasa, sai dai saboda hazaƙar karatu ko rashin ƙarfin iyaye, amma wasu makarantunsa masu arziki ne ƙwarai, har ɗalibi mai kyakkyawan sakamakon WAEC yana iya biyan ƙasa da abin da zai biya a inda aka ce an ba shi rabin tallafi. Kada ka tambayi kashi nawa za a ba ka. Ka tambayi dala nawa za su rage a kanka a shekara bayan an haɗa kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, kuma ka nemi amsar a rubuce.

Wasiƙarka ga koci ta zama gajera, ta ƙunshi shekarar gama sakandare da sakamakon jarrabawa da lambar UTR da abin da iyayenka za su iya biya. Ka haɗa da bidiyon wasa na gaske da ba a yanke wuraren da ka yi kuskure ba, domin koci yana son ganin yadda kake yi bayan ka zubar da maki. Idan kana azumi, ko kana buƙatar abincin halal da wurin sallar Juma'a, ka faɗa tun farko, musamman da yake kakar wasa tana gudana ne daga farkon shekara zuwa watan Mayu.

Mai nufin rukuni na biyu sai ya yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, NAIA ma tana da tata, kuma dukkansu suna binciken ko ka taɓa karɓar kuɗin gasa, don haka ka adana rasit na duk abin da ka kashe a tafiye-tafiye. Jinkiri bayan sakandare ma yana da hukunci: rukuni na ɗaya yana ba ɗan tanis wata shida, na biyu shekara ɗaya, wanda ya ci gaba da buga gasa bayan haka zai iya rasa kakar wasa. Idan makaranta ta karɓe ka za ta aiko da takardar I-20, da ita ake neman bizar ɗalibi ta F-1. Dokokin biza ga 'yan wasu ƙasashen Afirka ta Yamma sun tsananta a 'yan shekarun nan, saboda haka a tabbatar da halin da ake ciki a ofishin jakadancin Amurka kafin a biya kuɗin rajista ko na jarrabawar Turanci.