Kafin ku zuba siminti a ƙofar maƙwabci: kurakuran da aka fi yi

Idan matasan coci ko zumuntar mata suka tashi gyara wa maƙwabci gida, don ya dawo daga asibiti a kan keken guragu bayan shanyewar ɓarin jiki, ba a rasa masu niyya. A tara kuɗi ran Lahadi, a sayi siminti ran Juma'a, Asabar da sassafe kowa ya fito da shebur da kwanon sarki. Na shiga irin wannan aiki a unguwarmu, kuma har yau abin da ke ci mini rai shi ne gangarar hawan keken guragu da muka gama a ƙofar wani dattijo da murna, amma dattijon bai taɓa iya hawa shi kaɗai ba.

Laifinmu na farko, ba mu tambaye shi ba. Da ɗansa muka yi magana, muka zaɓi ƙofar waje domin ita ake gani. Da mun durƙusa mun ce, “Baba, ina ne ya fi ba ka wahala?” da ya nuna mana hanyar bayan gida. Ku je kwana biyu kafin aiki, mutum biyu ko uku kawai, ku yi sallama, ku zauna. A bi shi daga gado zuwa tsakar gida, zuwa banɗaki, zuwa inuwar da yake shan iska. Idan mace ce, mata su shiga su tambaya, don akwai abin da Mama ba za ta faɗa a gaban samari ba.

Sai gangarar kanta. Kusan kullum takan fito da tsauri, saboda da ido aka auna, ko kuma ana tattalin siminti. Ƙa'idar ita ce kowane inci 1 na tsayi yana buƙatar inci 12 na tsawo. Dakali mai inci 18 ke nan gangararsa ƙafa 18 ce. Birkila zai ce ta yi tsawo. Kada ku yarda a rage. Gangara mai tsauri tana kifar da keke ta baya, kuma jikar da ke turawa ita ce za ta kwana da ciwon baya. In fili bai isa ba, a lanƙwasa ta, a bar shimfiɗaɗɗen wuri ƙafa 5 kowane gefe inda keke zai juya, a bar irinsa a bakin ƙofa don mutum ya tsaya ya buɗe ba tare da ya koma baya ba. Faɗi kada ya gaza ƙafa 3, da ɗan baki a gefe don taya kada ta zame. Ban da tayil, ban da gogewa har ta yi santsi: a ja tsintsiya a kan simintin tun yana ɗanye. A riƙa yayyafa masa ruwa kwana 7 kafin a hau.

Wani abu da ake mantawa: dokin ƙofa ba ado ba ne, shi ke tare ruwan damina. In kun fasa shi, ku yi wa ruwa hanya zuwa kwata, in ba haka ba a watan Agusta ɗakin zai zama tafki.

Ƙofa tana son sarari inci 32 idan an buɗe ta. Amma ku auna keken da ke gidan. Keke mai taya uku da ake murzawa da hannu, irin wanda cibiyar Beautiful Gate ta Jos ke ƙera wa waɗanda shan inna ta taɓa, ya fi na asibiti tsawo, juyinsa ma ya fi cin wuri.

Banɗaki ne ya kamata ya ci rabin kuɗin, kuma shi ake tsallakewa don kunya. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba zai iya tsugunno a kan masai ba. Kafinta ko mai walda zai iya yin kujera mai huda, tsayinta inci 17 zuwa 19, a kafa ta da kyau a kan ramin. Ƙarfen riƙewa ya kasance ta ɓangaren hannun da ke da lafiya. Na ga inda aka sa shi ta ɓangaren da ya shanye. Kada a yi shi da bututun roba, kada kuma a ɗaure shi da ƙusa a bulo mai rami. A fasa, a cika da kankare, sannan ƙato ɗaya ya rataya a jikinsa a gani. Ƙofar ta riƙa buɗewa waje, domin in ya faɗi a bayanta a iya shiga. A sa fitila, a ajiye buta inda hannu zai kai. Wannan kaɗai na iya sa dattijo ya daina jiran a ɗauke shi, kuma duk wanda ya yi jinyar iyaye ya san nauyin wannan a zuciyarsu.

In gidan haya ne, a nemi izinin mai gida kafin a taɓa bango. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, gine-ginen jama'a ta ba shekara 5 su gyara. Saboda haka ku duba matakalar cocinku ma.

Hoto kuwa, a yi hattara. Kada a ɗora fuskar mara lafiya a Facebook ba da yardarsa ba. Idan maƙwabcin Musulmi ne, a dakata da aiki lokacin salla, a tambaye shi inda zai zauna ya yi alwala, kada kuma taimakon ya zo da sharaɗi.

Ku rage ɗan kuɗi da rabin buhun siminti. Bayan mako biyu ku koma, sannan bayan ruwan farko, ku ce Baba ya hau gangarar a gabanku, ku ga inda taya ke maƙalewa.